Babur Ɗin Aro a Gangaren Maninjau

Masrial ya matse ƙarfen hannun hagu a inda bai kamata ya matse ba. Iyakar kuskuren farko ke nan. Ba gudu yake yi ba, ba gyangyaɗi ya yi ba, titi kuma a bushe yake ƙayau. Hannu ne ya yi abin da ya saba yi shekara goma sha shida, kafin kai ya ce masa dakata.

Ɗan acaɓa ne a birnin Pekanbaru, gajere, mai faɗin ƙirji. Babur ɗinsa irin ƙananan nan ne marasa giya: ka murɗa dama ya tafi, ka matse hagu birkin baya ya kama. Da shi yake ci, da shi yake sha, amma da shi ba ya zuwa gida. Shekara goma sha ɗaya rabonsa da ƙauyensu na bakin tafkin Maninjau, tafiyar da ba ta wuce yini guda ba. A wurinmu namiji yana fita nema ne don ya dawo a ga abin da ya nemo. Wanda bai samo ba sai ya yi ta aiken gaisuwa, ana cewa aiki ya riƙe shi, kowa kuma ya san ƙarya ce.

Sai ga wayar yayarsa, Uni Rosmaini. An sa ranar auren 'yarta Welni.

"Ban kira don in ji uzuri ba," in ji ta. "Wanka ya rasu, kai kaɗai ka rage. Mutanen ango za su zo zama ranar Juma'a bayan la'asar. Wa zai karɓe su? Kazar gidan?"

"Ai ubanta yana nan, Uni."

"Ka taɓa ganin inda uba ya zauna a wurin kawu? Dariya kake so a yi mana? Mahaifiyarmu Amak ma cewa ta yi in tambaye ka ko sai ranar da za ka ɗauki makararta."

Haka abin yake a wurinmu. Maganar auren yarinya ta ɗan'uwan uwarta ce. In ba ya wurin, wani can daga nesa a dangi zai zauna, a yi ta faɗa har jikoki cewa Welni ba ta da kawu.

Zuwa dai ya zama dole. Abin da ya hana shi sukuni shi ne yadda zai shiga garin. Akwai rumfar mai shayi a bakin hanyar ƙauyen, inda maza ke zama tun safe, ba abin da ke wuce su. Ya san abin da za su ce in ya sauko daga motar haya da jakar leda a hannu.

Shi ya sa ya je wurin Haji Bustami. Tare suka fara acaɓa, amma Haji ya faɗa harkar kwakwar manja, Allah ya buɗa masa. Ya sayi babban babur irin na masu zaga duniya, dogo kamar raƙumi, da akwatunan ƙarfe biyu a gefe da ɗaya a baya. Sau huɗu ya hau, tumbi da ciwon gwiwa suka ce ya isa. Tun daga nan yake lulluɓe a gareji.

Haji ya dube shi daga sama zuwa ƙasa, abin da bai ɗauki lokaci ba, ya tuntsire da dariya.

"Kai, guntu! Ƙafarka za ta taɓa ƙasa kuwa? Ko in sa a ɗaura maka bulo a takalmi?"

"Tawa ba ta kai ƙasa, taka ba ta kai kan sirdi. Wa ya fi wani?"

"Ɗan banza, bakin nan naka bai tsufa ba. Ɗauki. Amma tsaya ka ji." Ya kama hannun hagun Masrial ya ɗora a kan ƙarfen. "Wannan ba birki ba ne, kuloci ne. Ka matse shi, ka raba inji da taya ke nan. Birkin baya yana ƙarƙashin ƙafarka ta dama. Gangara kuma da giya ake yin ta, ka bar inji ya riƙe ka. Ka ji ko?"

"Haba Haji, ni za ka koya wa babur?"

"Kai ka sani. Ni hannunka nake gaya wa."

Kwana biyu yana gwaji a filin bayan masallaci. Ya iya tashi, ya iya canja giya, ya gane cewa in zai tsaya sai ya zame ɗuwawu gefe guda kafin yatsun ƙafa ɗaya su sami ƙasa. Ya ce ya iya. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma wa zai gaya masa?

Matarsa Yusnidar ta gaya masa. Abincin safe take sayarwa a bakin kasuwa, curin shinkafa da miyar kwakwa, a tsaye tun asuba har rana ta take. Ta zagaya babur ɗin sau ɗaya, hannu a ƙugu. Uda take kiransa, yadda matanmu ke kiran miji.

"Uda, wannan na hawa ne ko na noma?"

"Na manya ne."

"To manyan su hau. Mu shiga mota mana. Kayan aro ba ya rufe katara."

"Kwana uku kawai nake so ya rufe, Dar. Kwana uku."

Ta dube shi. Shekara ashirin da huɗu suna tare, ta san abin da rumfar mai shayin nan take yi masa a zuciya. Ba ta ƙara cewa komai ba sai, "Ta ina ake zama?"

Nan ma akwai magana. Duk zamansu, a karkace take zama a bayansa, ƙafafu biyu gefe guda kamar yadda matanmu suke yi. Babur ya yi tangaɗi, sai ta zame ta dire a tsaye, ko tukunyar da ke cinyarta ba ta zubewa. Ta yi haka ba sau ɗaya ba ba sau goma ba. Wannan kuwa akwatunan ba su bar wurin zaman karkace ba. Dole ta sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, ta taka ƙarfe ta haye kamar namiji, akwati a bayan kowace ƙafa, akwati a gadon baya. Ta zauna daram, ba gaba ba baya.

"An sa ni a aljihu," in ji ta.

Suka tashi ranar Juma'a bayan sallar asuba, da tukunyar rendang, naman biki mai madarar kwakwa da ta kwana biyu tana juyawa, a cikin akwatin hagu, kayan bikinsu a na dama.

Maganar gaskiya, babur ɗin ya yi. Duk wanda ya ce maka asarar kuɗi ne, bai hau ba. A tsaye kamar ka rungumi bijimin da ba ya son ka. Amma taya ta juya sau biyu, sai ka nemi nauyin nan ka rasa. A cikin gari ya ɗan wahalar da shi, zafin inji yana gasa masa ƙwauri a cunkoso, hannu yana gajiya da kuloci. Suna fita hanyar Bangkinang sai abu ya canja. Ya sa giya ta shida, injin ya daina surutu ya koma gurnani ƙasa-ƙasa. Gilashin gaba ya raba iska biyu, ta wuce ta saman kansa. Ramukan da ke karya masa baya a kan ƙaraminsa, wannan haɗiye su yake kamar ba a yi ba. Manyan motocin kwakwa da ya shekara yana bin bayansu yana shan hayaƙi, ɗan murɗawa kaɗan sai ya gan su a madubi suna ƙanƙancewa. Daga can sama yana hango kan rufin motoci, yana ganin hanya tun kafin ta zo. Mutumin da duniya ta saba kallo daga sama, ranar nan shi ke kallon ta.

A gidan mai, mai zuba man ya ce masa yallaɓai. Yusnidar ta mintsine shi a haƙarƙari.

"Yallaɓai, a ƙara mini kuɗin cefane."

Da suka fara hawan duwatsu, babur ɗin ya ƙara nuna kansa. Ba sai ka yi kokawa da kan ba, ka dubi inda kake so, ka ɗan kwanta, shi ma ya kwanta. Hawan da ƙaramin babur ke yi yana kuka kamar za a yanka shi, wannan ko numfashi bai canja ba. Iska ta yi sanyi, ƙanshin itacen kirfa ya fara shigowa cikin hular kwano. Yusnidar, wadda ta taso tana karanto duk addu'ar da ta sani, ta saki rigarsa ta jingina da akwatin baya.

"Uda!" ta ɗaga murya. "Wannan kujerar ta fi ta ɗakinmu laushi!"

"Ba na gaya miki ba?"

"Ka ce wa Haji ya bar mana kujerar, ya riƙe sauran!"

A Payakumbuh ya yi sallar Juma'a, suka ci shinkafa, ya sha shayi mai ƙwai. Wurin tashi ƙafarsa ta taka tsakuwa, babur ya rinjayo, da ƙyar ya tare shi, jijiyar wuya duk a waje. Ita ba ta riga ta hau ba. Ta gani, ta kau da kai. Shi ma ya yi kamar bai san ta gani ba.

Wajen ƙarfe uku suka iso bakin gangaren. Ga tafkin can ƙasa, shimfiɗe, da kejin kifi jere a gefensa. Shekara goma sha ɗaya.

Lanƙwasa arba'in da huɗu ce daga sama zuwa bakin ruwa, kowace da lambarta a allo, kana sauka lambar tana raguwa. Kowace kuma a naɗe take kamar gwiwar hannu. Doka ɗaya ce a wurin, ba a rubuce take ba: mai hawa ke da hanya, mai sauka ya jira. Masrial ya sa giya ta ɗaya kamar yadda Haji ya ce, inji ya riƙe su, suna gangarawa a hankali. Yusnidar tana ƙirga allunan da ƙarfi. Arba'in. Talatin da biyar. Birai a kan shingen hanya suna kallon su. Ashirin. Hannayensa sun yi tsami, wuyansa ya ƙage, don nauyin da ya ɓace a miƙaƙƙiyar hanya duk ya dawo, har da na mutum biyu da tukunyar nama. Goma sha biyu. Ya fara hango rufin masallacinsu.

A ta tara motar kifi ta ɓullo daga ƙasa, ta buɗe ta cinye hanyar duka, kamar yadda dole ta yi. Tsayawa kawai ake so ya yi. Ya yi hakan sau dubu a rayuwarsa. Hannun hagu ya damƙe ƙarfe.

Injin ya sake su. Babur ya zabura gaba kamar an tura shi. Ya firgita ya cafke birkin gaba da ƙarfi alhali kan yana a murɗe, babur ya tsaya cak, ya karkata hagu, ɓangaren da titi ya fi zurfi. Ya miƙa ƙafa. Ba ƙasa. Ya ji jikin Yusnidar ya motsa a bayansa, tana neman zamewa ta dire kamar yadda ta saba, akwati ya tare ta.

A hankali suka faɗi. Ko ƙara mai yawa ba a ji ba. Shi ya mirgina ya tashi, gwiwar wando kawai ta yage. Ita ƙafarta ta hagu tana tsakanin akwatin ƙarfe da bakin simintin kwata. Sai da direban motar da mutum biyu suka kama kafin aka ɗaga.

Babur ɗin an ƙera shi ne don ya faɗi ya tashi. An kewaye injin da ƙarafa, an kare fitila, an kare hannaye. Ko tukunyar ba ta buɗe ba.

Direban, wani dattijo mai warin kifi, ya tsuguna ya ɗaga bakin wandonta ya sake da sauri.

"Malam, sa ta a gaba mu wuce sama. Asibitin Bukittinggi, awa ɗaya da rabi. Kifin ya jira."

Masrial ya ga ƙafar. Mutumin da ya shekara goma sha shida a titi ya san irin wannan. Tafin ya kalli inda bai kamata ba, fata ta fashe sama da idon sawu, yatsun sun yi fari.

Yusnidar ta cije leɓe, gumi yana zuba. "Ƙarfe nawa?"

"Bar maganar ƙarfe, baiwar Allah," in ji direban.

"Uda, ƙarfe nawa?"

"Uku da rabi."

"Bayan la'asar za su zo. In muka juya, wa zai zauna?" Ta ja numfashi. "Ba akwai mai ɗori a garinku ba? Targaɗe ne. A tare mini mota mai sauka. Kai ka hau ka yi gaba."

Direban ya dubi Masrial, yana jiran ya yi magana irin ta miji. Kalma ɗaya ake buƙata daga bakinsa: a'a. Masrial ya dubi ƙasa, inda rufin masallaci ke ƙyalli, ya dubi babur ɗin da ke tsaye ba abin da ya same shi. Ya hau ya yi gaba. Wannan shi ne kuskure na biyu, kuma ba hannu ne ya yi shi ba.

Ya shiga garin yadda ya yi mafarki. Mazan rumfar shayi suka miƙe tsaye, wani da kofi a hannu. Aka rasa mai gane shi sai da ya cire hular kwano.

"Kai! Masrial ne! Guntun gidan Amak!"

"Wannan jirgi fa? Da tsani kake hawa?"

"Bar shi, mutumin ya yi shiru ne yana tarawa. Mu da muke ta surutu me muka tara?"

Amak, wadda idonta ya kusa tafiya, aka riƙo ta har ƙofar gida. Ta shafa fuskarsa, ta shafa tankin mai da ke da ɗumi, ta ce, "Ashe da gaske aiki ne ya riƙe ka." Ya sunkuyar da kai. Aka ɗauka kunya ce.

Bayan rabin awa motar haya ta sauke Yusnidar ta ƙofar baya. Ta ce wa matan gidan santsi ne ya kwashe ta wurin sauka, don ba ta saba da wando ba. Aka yi mata sannu, aka ɗan yi dariya. Mai ɗori ya zo, ya taɓa. Ya ɗaure da tsinken gora da mai, sannan ya ja Masrial gefe.

"Na ɗaure don an kira ni. Amma in matata ce, ba za ta kwana a garin nan ba."

"Gobe, in Allah ya yarda," in ji Masrial. Ana kiransa daga zaure, baƙi sun iso.

Ya zauna a wurin kawu, da baƙar riga da hular biki. Ya miƙa farantin ganyen taunawa da ake tarbar baƙi da shi, ya karɓi magana ya mayar, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Mutanen ango sun ga babur a ƙofar gida kafin su shigo, suka yi masa magana da ladabi. Uni Rosmaini tana leƙe daga bayan labule tana share hawaye.

Asabar aka ɗaura aure. Ya leƙa ɗakin baya da hantsi. Yusnidar tana kwance, jikinta zafi rau, ana buga ganguna a waje har bango yana amsawa.

"Yaya ƙafar?"

"Tana nan inda ka bar ta. An ci rendang ɗina?"

"Har an sha romon. Dar, bari in nemo mota."

"Wa zai raka amarya gidan surukai gobe? Ka gama tukuna, Uda. Ka zo nan da nisa."

Ya ga yatsun da suka leƙo daga ƙarƙashin ɗaurin. Ba fari ba ne yanzu. Ya ja zani ya rufe su, ya ce mata ta sha ruwa, ya fita. Kada wani ya ce maka ita ta hana shi. Mace mai zazzaɓi ba ta hana namiji ɗaukar ta. Ta ba shi abin da yake so ya ji ne, shi kuma ya karɓa.

Ranar Lahadi da yamma, bayan an kai amarya an dawo, Uni Rosmaini ta shiga ɗakin da kwanon abinci. Wari ne ya tare ta a ƙofa. Ta yaye zanin, ta saki kwanon.

"Masrial! Zo nan, don ubanka! Wannan ne targaɗen? Kwana nawa kana gani?"

Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Uni, ni ce na ɓoye masa," in ji Yusnidar daga kan katifa. "Bai sani ba."

Suka hau lanƙwasa arba'in da huɗun a bayan motar wani maƙwabci, kanta a cinyarsa, lambobin suna ƙaruwa. Ba wanda ya ƙirga. Likitan, wata mace mai ƙarancin magana, tambaya ɗaya ta yi masa: yaushe abin ya faru? Ya ce Juma'a. Ta dubi kalandar bango, ta dube shi, ta miƙo masa takarda ya sa hannu.

Bayan mako biyu wani direba ya ɗora babur ɗin a mota ya mayar Pekanbaru. Haji Bustami ya zagaya shi, ya sami ƙarzuwa a kusurwar akwatin hagu, ba ta kai faɗin farce ba. Ya goge da babban yatsa ya ce ba komai, ya mayar da lulluɓin.

A Maninjau har yau in hira ta yi daɗi a rumfar shayi, sai an tuna ranar da Masrial ya shigo gari a kan jirgin ƙasa mai taya biyu. Welni tana da kawu, kowa ya shaida. In aka zo kan matarsa sai a ce, Allah sarki, ita ce ta zame wurin sauka, ba ta saba da wando ba. Bai taɓa gyara musu ba, ita ma haka.

Yana nan yana acaɓarsa a kan ƙaramin babur. Kullum da asuba yakan kai Yusnidar bakin kasuwa, a karkace a bayansa kamar da, sanduna biyu a kan cinyarta inda tukunya take zama. Ya sauke ta, ya zaunar da ita a kan kujerar da ya ƙera mata, don yanzu a zaune take sayarwa. Ƙafar hagu ce aka yanke, daga ƙasan gwiwa.